Abin da Tsamiya Ba Ta Kashe Ba

Akwai wata ƙwayar maganin ciwon kai da ake jefawa a kofin ruwa, ta yi ta tafasa tana shuuu har ta narke. Ita nake sha idan na dawo daga lakwal, wato makaranta, kaina yana sarawa, kuma kusan kullum haka nake dawowa. Ni malamar shimi ce, wato ilimin sinadarai, a wani lise, babbar sakandare, a Konni, ajina cike yake har bakin ƙofa, wasu a benci wasu a kan bulo. Duk ranar da na jefa ƙwayar nan, ba na iya kai kofin baki sai ta yi shiru. Yarana suna yi mini dariya, wai Mama tana sauraren magani kamar rediyo. Ni kuwa Kakata nake gani, durƙushe a bakin murhu, ta karkata kunne a kan ƙoƙo.

Bari in gaya maka tun yanzu, don kada ka yi ta jira. Innata ta rasu a jego ina 'yar shekara tara ko goma, kuma Kaka, wadda ta haife ta, ita ta dama kunun da ta sha har ƙarshe. Tun daga nan Kaka ta ɗauki tambaya guda ta goya, ba ta sauke ba har tsufa: ko hannunta ne ya kuskure awo. Ni kuma na zo na san amsar, na yi shekaru ina riƙe da ita na kasa ba ta.

Ƙauyen su Kaka yana ƙasar Bazaga, bayan wata ƙorama da ke bushewa da rani, ta cika ta yi fushi da damina. A can, idan mace ta haihu, kafin a aika wa dangin miji an aika wa Kaka. Ba ungozoma ba ce, ba ta taɓa yanke cibiya ba. Aikinta wankan jego da kunun kanwa. Ita ke dafa ruwa a babbar tukunya da ganyen dogon yaro, ita ke tsoma reshe ta fyaɗa wa mai jego a baya har jikinta ya yi tururi, ita ke dama kunun hatsi da citta da kanumfari da barkono da kanwa mai yawa. Kowa ya yarda cewa haihuwa tana buɗe jikin mace, sanyi ya shiga, kuma zafi da kanwa ne ke korarsa, su kawo nono. Ban taɓa jin wanda ya yi musu ba. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, amma in ta ce kunu ya yi, to ya yi.

Mu a Konni muke zaune, Baba yana aiki a buron gona, wato ofishin aikin gona. Bayan ni Inna ta yi ta ɓari, har mutane suka fara yi mata kallon tausayi, kallon da ya fi zagi ciwo. Da ƙanena ya zo da ransa, Kaka ta ce ko da ba haihuwar fari ba ce, a gida za a yi wannan wankan, ba za ta bar wa kowa 'yarta ba. Lokacin hutun damina ne, don haka aka tafi da ni. Ina tuna hatsi ya yi tsawo har ya rufe hanya, da ƙanshin ɗanyen itace da ya ƙi kamawa, da hayaƙin da ke kwanciya a tsakar gida bayan ruwa. Ina tuna kwaɗi sun hana mu jin kiran salla.

Matsalar ta fara ne daga bakin Inna. Ba ta son kanwa, tun tana yarinya. Ta ce tana yi mata santsi a harshe kamar ta lashi sabulu, tana ƙona mata maƙogwaro. In ta daure ta kurɓa, sai ta amayar. Nono bai zo sosai ba, jariri yana ta tsala kuka, matan maƙwabta suna leƙowa suna cewa mai jegon da ba ta shan kunu ai sai addu'a. Kaka ta rame a 'yan kwanakin nan fiye da mai haihuwar. Ka tuna, wannan ɗan shi ne aka yi shekaru ana roƙo.

Wata safiya tana dafa miyar sure, wadda wasu ke ce wa yakuwa, ta jefa 'yar kanwa don ta rage tsami, miyar ta taso da kumfa kamar yadda ta saba. Sai na ga ta tsaya da muciya a hannu tana kallon tukunyar. Duk macen da ta taɓa girki ta san kanwa tana kashe tsami. Abin da Kaka ta hango shi ne, in haka ne, tsami ma zai kashe kanwa. Ta jiƙa tsamiya ta tace, ta narka kanwa a ƙoƙo, ta kira ni in riƙe mata ludayi.

"Zuba kaɗan-kaɗan, 'yar nan, ki saurara," in ji ta. "In ta bar kuka, ta mutu."

Na zuba. Ƙoƙon ya ce shuuu, kumfa ta taso fara. Muka jira ta kwanta, na ƙara, ya sake yin kuka amma bai kai na farko ba. Haka muka yi ta yi, kukan yana raguwa, Kaka ta sunkuya har ɗankwalinta yana taɓa bakin ƙoƙon. Da na zuba ludayin ƙarshe ba mu ji komai ba, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana. Babu santsi, babu tsami. Ta juye a kunu ta kai wa Inna, Inna ta shanye ƙoƙo guda ta miƙo a ƙara mata.

Ban taɓa ganin Kaka da farin ciki irin na ranar ba. Har waƙa ta yi wa jaririn, tana kiransa angonta, tana ce masa ya daina kuka, abincinsa yana hanya. Nono kuwa ya zo. Ko kanwar ce ta kawo shi, ko don dai Inna ta samu abin da ya zauna a cikinta, ni yanzu ina da ra'ayina, amma a lokacin babu mai tambaya. Mata suka riƙa zuwa kallon dabarar. Kaka tana nuna musu cewa girman kanwa ba ya nuna ƙarfinta, ja daban fara daban, ta kasuwar Konni daban da wadda Buzaye ke kawowa, tsamiyar bana ba ɗaya take da ta bara ba. Don haka ba ta yarda da ido, kunne take bi. Ni ce mai ludayi, ina ta hura hanci.

Tunda kanwar ta daina cizo, Kaka ta ga babu dalilin rowa. Wadda ta mutu ai ba ta cuta, sai dai amfaninta ya rage, to a ƙara. Daga gutsure kamar ƙwan kurciya ta koma kamar ƙwan zabo, tsamiyar ma ta ƙaru daidai da ita. Safe, rana da maraice, Inna tana sha, tana gode wa uwarta.

Awarwaronta ne ya fara nuna mana. Da yana yawo a hannunta, sai ya kama ya ƙi motsi. Ƙafafunta suka cika suka yi sheƙi. Ina danna mata ƙauri da yatsa, wurin ya loɓa ya daɗe bai taso ba, ni ina ganin wasa ne, ita ma tana dariya tana cewa na mayar da ita tuwo. Daga baya dariyar ta koma tari. Ta daina iya kwanciya, sai ta jingina da bango ta yi barci a zaune, in ta je bayan ɗaki ta dawo tana haki kamar ta ɗebo ruwa daga rijiya. Tsofaffi suka duba suka ce sanyin damina ne ya samu hanya, kumburin nan duk sanyi ne. Maganin sanyi kuwa sananne ne. Aka ƙara itace a ƙarƙashin tukunyar wanka, aka ƙara garwashi a ɗaki, aka ƙara kanwa.

Ranar da Baba ya zo duba mu, ya tsaya a ƙofar ɗaki ya kalle ta, ya fita ya je ya nemo amalanken jaki. Kaka surukarsa ce, bai taɓa ɗaga ido ya kalle ta ba, ranar ma kansa a ƙasa ya ce mata asibiti za su. Kaka ba ta hana ba, ta riga kowa ɗaure kaya. Amma ƙorama ta kawo, sai da muka zauna a gaɓa muna kallon ruwa har ya ja baya, Inna jingine a ƙirjin Kaka tana jan numfashi. Daga bakin kwalta muka samu mota.

A asibiti, majo, babban ma'aikacin jinya, ya danna ƙafar Inna kamar yadda nake yi, amma shi bai yi dariya ba. Ya tambaya ko ta sha kanwa. Kaka ta matso da sauri ta ce ta sha, amma kashe ta ake yi da tsamiya kafin a ba ta, ba a taɓa ba ta mai rai ba. Ya kalle ta kamar zai yi magana, sai aka kira shi wani ɗakin, ya tafi. Na sha tunanin abin da zai ce da ba a kira shi ba. Inna ba ta kai kwana arba'in ba.

A zaman makoki, Goggo, yayar Baba, ta faɗi maganar da ta zauna. Ba da ihu ta faɗa ba, tana gyara mayafi ne ta ce wa matar da ke kusa da ita, yadda kowa zai ji:

"Ni dai tun da nike ban taɓa ganin an sa tsamiya cikin kunun mai biƙi ba. Tsami ai sanyi ne. Ko an sa, sai an san awo."

Kaka tana zaune da jariri a cinya. Ba ta ɗago ba. Ban ƙi Goggo don wannan ba, ita ma ƙanenta take wa kuka, kuma mutum in yana cikin baƙin ciki yana neman inda zai ajiye shi. Amma a kan Kaka ta ajiye nata, kuma Kaka ta karɓa.

Ba ta koma ƙauye da zama ba. Ta zauna da mu a Konni ta raini angonta da nonon akuya da koko. Matan Bazaga sun aiko sau da yawa, ta ce a gaya musu hannunta ya tsufa, har suka daina aikowa. Kanwa kuwa ba ta ƙara shiga gidanmu ba. Ka taɓa cin miyar suren da ba a sa wa kanwa ba? Mu mun ci ta shekara da shekaru, haƙoranmu suna mutuwa. Wake ya wuni a kan wuta ya sauka da taurinsa. Ƙanena ya girma yana zaton haka wake yake, sai da ya ci na maƙwabta ya dawo yana tambaya me ya sa nasu yake da laushi. Baba ya daka masa tsawa, Kaka ta tashi ta shiga ɗaki.

Ita ta dage in ci gaba da lakwal. Tana tsokanata da Madam tun ban gama firamare ba, in na kawo sakamako ta riƙe takardar a juye ta ce ta ga na yi ƙoƙari. Wani lokaci, muna tsince shinkafa ko tana yi mini kitso, sai ta jefo tambaya kamar ba da gangan ba, ko a lakwal ana koya muku abin da ke sa ƙafa ta kumbura, ko tsami yana da illa ga mai shayarwa. In ce ba mu kai wurin ba tukuna.

Mun kai wurin ina lise. Mushen shimi ɗinmu, wato malaminmu, mutumin yamma ne, dogo, Hausarsa a karkace, in ya gaji da Faransanci sai ya juya mana da ita mu yi ta dariya. Ranar ya kai mu ɗan ɗakin gwaji mai warin ƙura da jemage, ya ɗauko kofin gilashi da ruwan baz a ciki, wato dangin kanwa da toka, ya ɗiga wani abu ruwan ya yi ja-ja. Sai ya riƙa ɗigo asid, dangin tsamiya da lemun tsami, daga wani dogon bututu mai zane-zanen awo, ɗigo bayan ɗigo yana karkaɗa kofin. Can sai launin ya ɓace gaba ɗaya. Ya ɗaga hannu ya tsaya. Na san ɗaga hannun nan.

Ya juya ga allo ya ce ba sai an yi ta ɗigo a makance ba, ana iya sanin awon tun kafin a fara. Ƙarfin asid sau yawansa, daidai yake da ƙarfin baz sau yawansa. In baz ɗinka mililita ashirin ne, ƙarfinsa ɗaya bisa goma, asid ɗinka kuma ƙarfinsa biyu bisa goma, to mililita goma ya ishe ka, ko ɗigo kada ka ƙara. Ya ce a kula, wani asid ɗin hannu biyu gare shi, kowane ƙwaya nasa yana kama biyu, sai a ninka lissafi. Na rubuta duka da sauri. Murna nake yi, ka gane. Ina cewa a raina yau zan koma gida in gaya wa Kaka cewa abin da ta yi da kunne, shi Turawa ke yi da bututu, kuma shirun nan da take jira shi ne daidai.

Da ƙararrawa ta kaɗa a lokacin, da na tafi da murnata. Amma akwai sauran lokaci. Mushe ya zuba ruwan kofin a wani ɗan faranti ya ɗora a kan wuta, ya ce mu matso. Ruwan ya ƙafe. A ƙasan farantin wani farin abu ya kwanta, kamar wanda ke fitowa a bakin tulu. Ya tambaye mu mene ne, wani ya ce toka, wani ya ce alli. Ya ce gishiri ne. Wani yaro ya ce ai ya zaci asid da baz sun kashe juna.

"Ba su mutu ba," in ji Mushe da karkatacciyar Hausarsa. "Aure suka yi. Wannan ɗansu ne."

Aji ya kwashe da dariya. Ni na zauna ina kallon farantin har kowa ya fita.

Bayan na zama malama, na sake gwada abin da kaina, da kanwar kasuwa kamar ƙwan zabo da ruwan tsamiya, yadda na riƙe a kaina tun ina mai ludayi. Na yi da kunne, na yi da bututu, na yi da alƙalami. Duk ukun wuri guda suka tsaya. Kumfar nan iska ce kawai ke fita, cizon kanwar ne ke tafiya, amma gishirin da ke jikinta yana nan cikin ƙoƙon bai je ko'ina ba. Na shanya ruwan a rana, na kankare abin da ya saura, na tara a tafin hannuna. Ya fi abin da zan zuba a miyar gida guda, kuma wannan na kunu ɗaya ne. Na tambayi wata likita da muka yi lise tare. Ta ce zuciyar mai jego wani lokaci tana gajiya da kanta ko ba a yi mata komai ba, gishiri kuma yana riƙe ruwa a jiki ya ƙara mata kaya, zafi ya ƙara. Ta ce ba za ta rantse a kan abin da ba ta gani ba. Ni ma ban rantse ba, kwana na Allah ne. Amma na san abu guda: ƙin kanwar da bakin Inna ke yi shi ke tsare ta, kuma dabarar Kaka ce ta buɗe ƙofar.

To ka gaya mini yadda ake faɗa wa tsohuwa wannan. In na ce ta kuskure awo, na yi ƙarya kuma na tabbatar da maganar Goggo. In na ce awonta daidai ne na yi shiru, na faɗi rabi. In na faɗi duka, na ce mata ƙwarewarta ce ta yi aikin. Na zaɓi hanyar matsorata, duk lokacin da ta kewayo da maganar sai in ce, Kaka, kwana ne ya ƙare. Ta ce haka ne, ta ja carbinta. Na gaji da wannan amsar fiye da yadda na gaji da alli.

Ƙanena ya girma ya yi aure, yana aikin walda a Malbaza. Lokacin da matarsa ta samu ciki, Kaka ta riga ta daina gani sai inuwa-inuwa, amma kunnenta yana nan, in ka buɗe kwano a ɗaki tana waje za ta gaya maka wanne ne. Wata la'asar ina gyara takardun ɗalibai a ƙarƙashin rumfa, ta lallaɓo ta zauna kusa da ni. Wannan karon ba ta kewaya ba.

"Madam, ke da kinka yi lakwal har kina koya ma wasu, hwaɗa min gaskiya tun ina da rai. Tsamiyar ce ta yi yawa, ko kanwar ta hi ta?"

Na ajiye biro. Na kalli hannuwanta, duk jijiya, suna lalubar gefen tabarma.

"Kaka, na auna da kayan lakwal, ba sau ɗaya ba. Awonki daidai ne. Ko ɗigo ba ki kuskure ba."

Hawaye suka biyo ramukan fuskarta, ba ta share ba. Ranar ta ci tuwo har ta nemi ƙari, ta tsokani mijina, ta yi barci har da minshari. Na ce a raina, ashe rabin gaskiya ma yana ciyar da mutum. Da safe ina shirin fita ta kira ni, muryarta garau kamar ta shekarun baya, ta ce in na biya kasuwa in sayo kanwa mai kyau da tsamiyar bana. Matar angonta ta kusa, kuma ba za ta bar wa kowa kununta ba.

Na sayo. Me zan ce? Ni na mayar mata da hannunta, ba zan sake karɓewa da safe ba.

Yarinyar ta haihu a asibiti lafiya, muka tafi Malbaza da Kaka a gaban mota. Gidan haya ne mai ɗaki biyu, ƙurar farar ƙasa ta rufe ganyen bishiyar da ke tsakar gida. Na ce wa Kaka tunda ido ya yi rauni, ta zauna ta ba da umarni, ni in zama hannunta kamar da. Ta yarda. Na dama kunun a tukunya da citta da kanumfari, ban sa masa ko ƙwayar kanwa ba. Sannan na narka kanwa a ƙoƙo daban, na ajiye a gabanta, na ɗauki ludayi. Shuuu. Ta sunkuya, ɗankwalinta yana taɓa bakin ƙoƙon. Na ƙara, na jira, na ƙara. Da ya yi shiru ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Ta mutu."

Na ɗauki ƙoƙon na zagaya bayan ɗaki na tuttular a gindin katanga, na dawo na motsa tukunya da ƙarfi don ta ji. Na zuba kunun zan kai ciki, sai ta miƙo hannu ta ce in ba ta ta ɗanɗana. Ban taɓa ganin ta aika kunu ba ta ɗanɗana ba, ban san yadda aka yi na manta ba. Na ba ta. Ta kurɓa, ta riƙe a baki ta daɗe, ta haɗiye. Ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina.

"Babu kanwa ciki."

Na ce babu.

"Kuma kin ce awona daidai ne."

Na ce daidai ne, Kaka.

Jaririn ya yi ɗan kuka a ɗaki ya yi shiru. Kaka tana riƙe da ƙoƙon da hannu biyu, ina kallon abin yana isa gare ta a hankali, ba ni da ikon tare shi. Ba ta yi lakwal ba, amma ba ta taɓa buƙatar a faɗa mata abu sau biyu ba. Can ta miƙo mini.

"Kai mata tun da zahi," ta ce. "Gobe ma haka za ki yi shi."

Ba ta sake tambayata komai ba har ta rasu da damina ta gaba. Ba ta yi fushi da ni ba, ta ci gaba da kirana Madam, ta goyi ɗan angonta a baya ko da ba ta ganin hanya. Amma tuwon nan da ta nemi ƙari, ban sake ganin ta nema ba.

Yanzu abubuwa sun sauya, ko da ba kamar yadda ake faɗa a rediyo ba. Mata da yawa suna haihuwa a asibiti, ana gaya musu su rage kanwa, su ce to, su koma gida tsofaffi su ce wani abu daban. Ƙoramar Bazaga tana nan tana hana wucewa. Ni kuma kowace shekara darasin nan yana zagayowa, in tsaya gaban allo in rubuta ƙarfi sau yawa daidai da ƙarfi sau yawa. Kayan gwajinmu sun daɗe da ƙarewa, don haka da kanwa da tsamiya nake zuwa a jaka. Yara suna son kukan ƙoƙon, masu kai a cikinsu suna samun awon kafin in gama tambaya, su ja layi biyu a ƙarƙashin amsa su rufe littafi. Sai in ce ba mu gama ba, a zuba ruwan a faranti a ajiye a taga, gobe kowa ya zo ya duba abin da ya saura. Suna gunaguni, wai Madam wannan ba ya fitowa a jarrabawa. Gaskiyarsu ne, ba ya fitowa. Ina sa su duba duk da haka.